An ce in raba takardar tambayoyi 384 a Kwari, ta ina zan fara?

Ummu_Hanan
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, na ƙarshen mako, saboda ina aiki. A wannan zangon muke yin kwas ɗin dabarun bincike, kuma malaminmu ya ce kowa ya kawo tsarin kundinsa kafin jarrabawa. Abin da ke raina shi ne bayar da kaya bashi a Kantin Kwari: yadda mai sari zai ɗauki dilar atamfa ko shadda ya ba mutumin da ya zo daga wata jiha, ba takarda ba shaida, ya je ya sayar ya dawo da kuɗi. Mahaifina ya daɗe a wannan harka. Na ga waɗanda bashi ya ɗaga, na ga waɗanda ya karya. Ina so in gano ko bayar da bashi yana ƙara wa shago riba ne, ko jari yake ci.

'Yan ajinmu suka ce abin ba wuya: in rubuta cewa zan tambayi mutum 384, in samo tambayoyi daga wani tsohon kundi, in raba, in zuba amsoshin a SPSS, manhajar nazarin alƙaluma. Na tsara tambayoyi 42 da Turanci, na je na gwada a shaguna goma. Uku suka ce maigida ba ya nan. Biyu suka tambaye ni ko daga ofishin haraji nake. Sauran da na tambaye su ribar wata, amsar duk ɗaya ce: "Alhamdulillah." Na dawo gida jikina a sanyaye. Shin abin da ake koya mana a aji yana aiki a kasuwarmu kuwa? Ko dai hanya ce kawai ta samun takardar shaida?

Sadiq_Zariya
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ki sauƙaƙa wa kanki. Ki bar Kwari, ki ɗauki kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas. Rahotonsu na shekara-shekara yana intanet kyauta. Ki zaɓi kamfanonin kayan masarufi, ki kwashi alƙaluman shekara goma, ki duba kuɗin da suke bin abokan ciniki da ribar da suke samu. Ba wanda zai ce miki maigida ba ya nan. Haka na yi, cikin wata huɗu na kammala babi na huɗu, wato na sakamakon bincike.

Malam_Ƙididdiga
Kafin a kai ga shawarar Sadiq, bari in yi magana kan 384 ɗin nan, don na ga ya zama kamar wata lamba mai tsarki a wurin ɗalibai. Ya fito ne daga jadawalin da Krejcie da Morgan suka wallafa a 1970. Lissafin shi ne: idan jama'ar da kike bincike a kansu suna da yawa ƙwarai, kina son tabbaci na kashi 95 cikin ɗari, kuma kin yarda da kuskuren da bai wuce kashi 5 sama ko ƙasa ba, to mutum 384 kike buƙata. Idan jama'ar 1,000 ne, jadawalin ya ce 278. Idan 100 ne, 80. Dabarar Taro Yamane ta 1967, wadda ɗalibanmu suka fi so, tana ba da 286 ga mutum 1,000, kuma komai yawan jama'a ba ta wuce 400.

Amma duk wannan lissafi yana kan sharaɗi ɗaya da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba: sai an zaɓi mutanen ta hanyar ƙuri'a, ta yadda kowane shago yake da damar faɗowa. Idan kika tsaya a bakin layi kina miƙa wa duk wanda ya sakar miki fuska, ko 2,000 kika tara, wancan tabbacin na kashi 95 bai shafe ki ba.

Misalin da nake ba ɗalibaina shi ne zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardu kusan miliyan 10, aka dawo mata da sama da miliyan 2, ta ce Landon ne zai ci. Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. Sunayen da ta yi amfani da su daga jerin masu tarho da masu mota ta kwaso yawancinsu, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda suka ɗauki wahalar mayar da amsa ba irin waɗanda suka yi shiru ba ne. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta ya faɗi wanda zai ci daidai. Saboda haka tambayar farko ba "mutum nawa" ba ce. Ina jerin shagunan da za ki zaɓa daga ciki?

Ummu_Hanan
Na gode Malam, Allah ya ƙara sani. Gaskiya ba ni da wani jeri. A babi na uku, na bayanin hanyar bincike, na rubuta "zaɓen ƙuri'a" ne saboda haka na ga kowa yana rubutawa.

Ɗan_Kwari
Hajiya, ni ba ɗan boko ba ne sosai, sakandare na tsaya, amma shekarata goma sha bakwai a kasuwar nan. Bari in gaya miki abin da ya faru da ke. Na farko, kin je da takarda da biro a hannu. Duk wanda ya shigo mana haka, ba mu san shi ba, ba wanda ya kawo shi, zuciya haraji take kawowa. Na biyu, wataƙila yaron shago kika tarar, kuma yaro bai isa ya faɗi sirrin maigidansa ba, ko da ya sani. Na uku, kin tambayi riba kai tsaye. Ko ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya bai san ribata ba. Akwai tsoron baki, akwai tsoron masu neman taimako, akwai kuma cewa da yawanmu ba mu ware ta ba. Daga aljihu ɗaya ake cefane, a biya kuɗin makaranta, a saro kaya.

Ki bi ta hannun shugabannin ƙungiyar 'yan kasuwa ko wani dattijo da ake jin maganarsa a layin. Tunda mahaifinki ɗan kasuwar ne, sunansa ma ya ishe ki mabuɗi. Kuma kada ki zo da azumi ko gab da sallah, ba mai sauraron ki. Ki zo da hantsi a ranakun da kasuwa ta yi sanyi, kafin baƙi su cika.

Binta_Kd
@Ɗan_Kwari wallahi wannan bayanin ya fi min laccar sati uku amfani. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Abban_Walid
Ni zan faɗi abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa. A ajinmu, da yawa ba su je ko'ina ba. Mutum zai buga takarda 300, ya zauna a ɗaki da biro kala uku, shi da ƙannensa, su cike. Wasu ma ba sa bugawa, mai "analisis" ne zai ƙirƙiro lambobin a kwamfuta ya ba su sakamako mai kyau. Aka ba su digiri, wasu har da yabo. Wanda ya je fili da gaske shi ne ya sha wahala a wurin kare kundi, don sakamakonsa bai fito sumul ba. Wannan abin yana ci min rai har yau. To wane darasi tsarin yake koya wa ɗalibi?

Dakta_Mairo
Abban Walid, abin da ka faɗa yana faruwa, ba zan musa ba, na zauna a kwamitin kare kundi na gani. Amma in gaya maka, ƙirƙirarrun alƙaluma suna da kamanni. An raba 384, an dawo da 384, ba ko ɗaya da ta ɓace, ba tambayar da aka tsallake. Ma'aunin Cronbach, mai nuna yadda amsoshi suka dace da juna, ya fito 0.97, kusan cikakke, a kowane sashe. Duk hasashen da ɗalibi ya yi ya tabbata. Mai jarrabawa da ya san aikinsa, daga nan yake fara tambaya: wace rana ka je, wa ya raka ka, me ya fi ba ka wahala? Wanda bai je ba, a tambaya ta biyu yake tsayawa. Inda aka bar su suka wuce, laifin namu ne malamai, kuma nauyi ne a kanmu.

Ƙanwata Ummu Hanan, ki daina ganin zuwanki shaguna goma a matsayin faɗuwa. Wannan shi ne gwajin farko da littafi yake cewa a yi, kuma ya yi miki aikinsa: ya nuna miki takardarki ba ta dace da mutanen ba. Ki rubuta duk abin da ya faru, har da "Alhamdulillah" ɗin, zai shiga babi na uku.

Shawarata ki juya tsarin. Ki fara da hira mai zurfi da masu sari kamar goma sha biyu zuwa ashirin, ba takardar cikewa, sai 'yan tambayoyi a ka. Wa kake ba bashi? Wa ya tsaya masa? Kwana nawa? In bai dawo ba me ake yi? Daga bakinsu za ki ji kalmomin da suke amfani da su da abubuwan da suke aunawa. Sai ki gina gajeriyar takarda daga nan, tambaya goma sha biyar ta isa. Tambaya 42 ko ma'aikacin ofis ba zai cika miki da zuciya ɗaya ba.

Sadiq_Zariya
Dakta, da girmamawa, wannan hanya mai kyau ce amma wata nawa za ta ci? Tana aiki, tana da iyali, kuma idan ta wuce lokaci sai ta sake biyan kuɗin makaranta. Shi ya sa na ce ta ɗauki alƙaluman da suke a shirye.

Dakta_Mairo
Malam Sadiq, hanyarka ba laifi ba ce, bincike ne sahihi in an yi shi da kyau. Sai dai tambayar da zai amsa daban ce. Kamfanin da ke kasuwar hannun jari yana da lauya, da yarjejeniya a rubuce, da masu binciken asusu. Mai sari a Kwari amana da sanayya yake da su. Idan ta koma can, ta bar abin da ya kawo ta. Ita za ta auna lokacinta ta zaɓa, amma ta san abin da take bari.

Issoufou_Maraɗi
Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, na yi nawa kundin masta kan masu sayar da hatsi. Ina so in ja hankalinki kan harshe, don nan na sha wuya. Takardata da Faransanci na rubuta, ina fassarawa da baki a gaban mutum. Daga baya na gane kowace rana wata fassara nake yi. Sannan ga lissafin kuɗi: mu nan da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya tamma biyar ce. Mutum ya ce maka "ashirin", sefa 100 yake nufi. Jikka kuma sefa 1,000 ce. Yaron da ya taya ni aiki wani lokaci ya rubuta abin da ya ji, wani lokaci ya juya shi zuwa sefa, bai sa alama ba. Takardu kusan arba'in sai da muka koma muka sake tambaya. Haka tiya: ta wannan kasuwa ba daidai take da ta waccan ba.

Ku ma can na san dattawa suna cewa jaka suna nufin naira 200. Ki tabbatar kin rubuta takardar da Hausa tun farko, ki ƙayyade ma'aunin kowane abu, dila ce ko turmi ko yadi.

Malam_Ƙididdiga
Madalla da Malam Issoufou. Akwai dabarar da aka sani kan wannan, Brislin ya yi bayaninta a 1970: mutum ɗaya ya fassara takardar zuwa Hausa, wani daban da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da ita Turanci, sai a kwatanta. Inda suka saɓa, nan ma'ana ta zame.

Kuma ma'aunin nan mai hawa biyar na Likert, wanda ya fito tun 1932, yana ba da matsala a Hausa. "Na yarda ƙwarai, na yarda, ba ni da ra'ayi, ban yarda ba, ban yarda ba sam." Dattijo yana zaune a shagonsa, baƙuwa 'yar mutunci ta karanta masa jimla, kunya da kara ba za su bar shi ya ce mata "ban yarda ba sam" ba. Zai ce haka ne. Sai ki tara takardu duk "na yarda", ki ɗauka kin gano wani abu. Ki tambayi abin da ya faru a zahiri: a cikin mutum goma na ƙarshe da suka sari kaya a wurinka, nawa ne suka biya nan take? A bara, mutum nawa ne suka tafi da kayanka ba su dawo ba?

Hafsat_Banki
Ina so in koma kan ainihin tambayar, wato ko kwas ɗin yana da amfani a wajen makaranta. Ni a sashen kula da abokan hulɗa nake aiki a wani banki. Lokacin da muke kwas ɗin na ɗauke shi kaya ne kawai. Bayan shekara biyu aka kawo mana rahoto cewa mafi yawan abokan hulɗarmu sun gamsu da manhajar waya. Kowa ya yi murna. Na tambaya ta ina aka yi tambayar, aka ce a cikin manhajar. Wato wanda manhajar ta ƙi buɗe masa, ko ya gaji ya goge ta, ba a ji ta bakinsa ba. Da aka sake yi ta kiran waya, har da waɗanda suka daina amfani da ita, hoton ya canza. Ba don kwas ɗin ba da ban san in yi wannan tambayar ba. Yawancinmu ba za mu zama masu bincike ba, amma za a riƙa ajiye mana rahoto a tebur a ce mu sa hannu a kashe kuɗi.

Abban_Walid
Hajiya Hafsat na yarda da ke a nan. Damuwata ita ce yadda ake koyar da shi. Mun yi sati huɗu muna haddace ma'anonin falsafar bincike, ba a taɓa fita da mu kasuwa ko sau ɗaya ba, ba a taɓa buɗe kwamfuta a aji ba.

Injiniya_Bash
Abin da Hafsat ta faɗa ya tuna min da Coca-Cola a 1985. Sun yi gwajin ɗanɗano da mutane kusan 200,000, aka fi son sabon haɗin, suka janye tsohon a watan Afrilu. Jama'a suka yi ca, cikin kwana 79 suka dawo da shi. Ba lissafin ne ya yi kuskure ba. Sun tambayi wanne ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, ba su auna yadda mutane za su ji in an ɗauke musu abin da suka saba da shi ba. Kuɗi da yawan mutane ba sa gyara tambayar da ba ita ya kamata a yi ba.

Zee_Gombe
Don Allah tunda ana maganar, wa yake da SPSS da zai turo min? Nawa ya daina aiki, yana neman lasisi.

Injiniya_Bash
@Zee_Gombe SPSS na kamfanin IBM ne, na kuɗi ne, kuma waɗanda ake yawo da su a filasha sukan zo da cutar kwamfuta. Ki sauke jamovi ko JASP, kyauta ne, kuma fuskarsu ta yi kama da wadda kika saba. PSPP ma kyauta ne. In kina da niyyar nisa a harkar, ki koyi manhajar R. Ki dai tambayi mai duba aikinki tukuna, don wasu malaman sun fi son ganin jadawalin da suka saba da shi. Ga mai zuwa fili kuma, KoboToolbox, manhajar cike tambayoyi, yana aiki a waya ko babu intanet, in an samu sabis sai ya tura.

Ɗan_Kwari
Injiniya, waya ta fi takarda a wurinmu, amma ta nuna wa mutum fuskar wayar ya ga abin da take rubutawa. In ya ga kamar ana naɗar muryarsa a ɓoye, magana ta ƙare, kuma kafin la'asar duk layin ya ji.

Dakta_Mairo
Wannan ma ƙa'ida ce ta bincike, Alhaji, ba ladabi kaɗai ba. Dole a gaya wa mutum me ake yi, me za a yi da amsarsa, kuma yana da ikon ƙi. Ba a naɗar murya sai da izini. Kada ta rubuta sunan shago a takardar amsa, lamba ta isa, jerin sunayen ya zauna a wani wuri daban. Tun 2023 ma akwai dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya. Bashi sirri ne na mutum biyu, kuma na biyun ba ya wurin balle a nemi yardarsa, saboda haka kada ta nemi sunayen waɗanda ake bi.

Abu_Tattali
Ban ga wanda ya taɓo abin da ya fi damuna a taken ba. Kin ce kina so ki gano ko bashi "yana ƙara" riba. A ce kin tara bayanai masu kyau, kin ga shagunan da suka fi ba da bashi sun fi ciniki. Me kika gano? Yana iya yiwuwa bashin ne ya kawo cinikin. Yana iya yiwuwa kuma mai babban jari ne kaɗai yake iya jure a tafi da kayansa wata biyu, wato cinikin ne ya ba shi ƙarfin ba da bashi. Ko kuma daɗewa a kasuwa ce ta kawo duka biyun. Sannan waɗanda bashi ya karya, irin waɗanda kika ce kin gani, ba sa kasuwar yanzu. Ba za ki same su a shago ba, sun koma gida ko sun zama yaran wasu. In kika tambayi masu shago kaɗai, waɗanda suka tsira kika tambaya.

Dubi yadda aka yi da shirin YouWiN na tallafa wa masu kasuwanci da gwamnatin tarayya ta fara a 2011. Kusan mutum 24,000 suka nema a zagayen farko. Daga cikin waɗanda suka kai matakin kusa da ƙarshe, an zaɓi wasu ɗaruruwa ta hanyar ƙuri'a aka ba su tallafi, kimanin dalar Amurka 50,000 kowanne a matsakaici. David McKenzie na Bankin Duniya ya bi su shekaru, ya kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba, ya wallafa a 2017 cewa masu tallafin sun fi ɗorewa kuma sun fi ɗaukar ma'aikata. Ƙuri'ar ce ta ba shi bakin cewa tallafin ne sanadi, don rukunin biyu ba su da wani bambanci tun farko sai sa'a. Ke ba za ki iya tilasta wa 'yan kasuwa su ba da bashi da ƙuri'a ba. To ki sassauta taken: ki ce alaƙa, ko ki binciki yadda suke yanke shawarar wanda za su ba.

Wani abu kuma: in za ki kwatanta cinikin bana da na shekarun baya, ki cire hauhawar farashi. A 2024 ta haura kashi 30 cikin ɗari bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Mutum zai ce miki kuɗin da ke shigowa ya ƙaru, alhali yawan turamen da yake sayarwa ya ragu.

Ɗan_Kwari
Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce tsantsa. Kuɗi ya yi yawa a baki, kaya sun ragu a shago. Kuma tun da farashi ya fara tashi kowane mako, da yawa sun rage ba da bashi, don kafin a dawo maka da kuɗinka ba za su sake sayo maka abin da ka bayar ba. In kina neman waɗanda suka karye, Hajiya, dillalai da 'yan tebur sun san su ɗaya bayan ɗaya. Amma ki je musu a hankali, ciwo ne.

Malam_Ƙididdiga
Kan batun riba da ta ce an ƙi faɗa mata: akwai binciken da De Mel da McKenzie da Woodruff suka yi da ƙananan 'yan kasuwa a Siri Lanka, aka wallafa a 2009. Sun gano cewa mutane suna rage adadin cinikin da suke faɗa da kusan kashi 30 cikin ɗari, kuma tambayar riba kai tsaye ta fi kusa da gaskiya a kan a tambayi ciniki da kashe-kashe dalla-dalla a debe. Wato matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce. Amma ban ce abin da ya yi aiki a can zai yi a Kwari ba, ga shi Alhaji ya ce ko ƙaninsa bai sani ba. Za ki iya ba su rukuni su nuna inda suka faɗa, ba sai sun faɗi adadi ba. Ko ki bar riba gaba ɗaya ki auna abin da ake iya faɗa ba kunya: dila nawa ke fita a mako, yara nawa ne a shago, shago nawa yake da su.

Binta_Kd
Malam, in ta yi hira da mutum ashirin kawai, ba za a ce mata mutanen da ta tambaya sun yi kaɗan ba a wurin kare kundi? A sashenmu in ba a ga jadawalin rigireshan, wato lissafin alaƙa tsakanin alƙaluma, ba, kamar ba ka yi komai ba ne.

Dakta_Mairo
Za a iya cewa, Binta, ya danganta da sashen da kuma waɗanda ke kwamitin. Shi ya sa na ce ta haɗa biyun, hira tukuna sannan gajeriyar takarda. Kuma ta kai wa mai duba aikinta wannan tsarin tun yanzu, a rubuce, ya sa hannu. Kada ta bari sai ta gama ya ce bai san da shi ba.

Sadiq_Zariya
Har yanzu ina ganin aikin ya yi wa digiri na biyu na ƙarshen mako yawa. Wannan tsarin na mai digiri na uku ne. Amma in tana da ƙarfin hali, Allah ya taimaka. Ki dai fara amfani da Zotero tun yau don adana madogara, kuma duk abin da kika ɗauko ki rubuta da kalmominki ki faɗi mai shi, Turnitin, manhajar kama satar rubutu, ba ya ɗaga ƙafa.

Ummu_Hanan
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta komai sau biyu. Jiya da daddare na zauna da Baba na karanta masa wasu amsoshin. Ya ce Ɗan Kwari ya faɗi gaskiya, kuma zai haɗa ni da abokansa biyu da har yanzu suke kasuwar. Ya kuma faɗa min abin da ban taɓa sani ba: yana da tsofaffin littattafai guda shida da yake rubuta bashi a ciki, wasu da ajami, kowane suna da ranar ɗauka da ranar biya. Ya ce yawancin masu sari suna da irinsu, ko da ba sa rubuta riba.

Na sauya taken zuwa yadda masu sari ke yanke shawarar ba da bashi da abin da ke sa a biya ko a ƙi. Ban san ko malamina zai karɓa ba, ranar Asabar zan kai masa. Maganar Malam Sadiq ta lokaci ma tana raina, don hutun da zan iya ɗauka a wurin aiki sati uku ne kacal.

Abin da ya rage min shi ne jerin shaguna. In ƙungiya ba ta da cikakke, ya halatta in zaɓi gidajen kasuwar, wato gine-ginen da shaguna ke ciki, da ƙuri'a, in shiga kowanne in ƙirga shagunan da kaina, sannan in zaɓa daga ciki?

Malam_Ƙididdiga
Ya halatta, hanya ce sananniya, zaɓe mai hawa biyu. Sai dai shagunan gida ɗaya sukan yi kama da juna, kaya iri ɗaya, baƙi iri ɗaya, saboda haka gara gidaje da yawa da shaguna kaɗan-kaɗan a kowanne, a kan gida uku ki kwashe kowa. Ki rubuta adadin waɗanda suka ƙi amsawa, kada ki maye gurbinsu a ɓoye. Littattafan Baba kuma ki riƙe su da kyau, ki rufe sunayen kafin kowa ya gani.

Abu_Tattali
Littafin shago ɗaya ba zai wakilci kasuwa ba, kuma na mahaifinta ne, za a yi mata tambaya kan wannan. Amma in abokan nasa biyu za su yarda su buɗe nasu, ni da kaina zan so in ga yadda kwanakin biya suka canza kafin 2023 da bayanta.

Ɗan_Kwari
Buɗe littafi ba ƙaramin abu ba ne, Malam. Ni dai sai na yi shawara da yayana, tare muke da shagon. Hajiya, ki bari a sha ruwa da sati biyu bayan sallah, ki sa Baba ya kira ni.